Kowa ya ce shi talaka ne: yadda mutanen Garwa ke auna matsayinsu da ɓangarensu a siyasa

 Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun zuba shi a takarda saboda waɗanda lokacin shirin ya riske su a kan hanya ko a bayan shanu.

Tambaya biyu muka ɗauko. Ta farko, a cikin jama'a kai ina ka ajiye kanka, sama, tsakiya ko ƙasa? Ta biyu, a siyasa ina ka karkata? A baki suna da sauƙi. Amma ka shiga kasuwar Pitowa ran Lahadi ka gwada yi wa mutane su, ka sha mamaki. Dillalin da ya sayar da bijimai biyar kafin azahar zai ce maka, "Ai mu talakawa sai haƙuri." Yaron da ke tura baro kuwa zai ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri." To wa ya yi ƙarya a cikinsu? Babu. Kowanne da mudun da ya yi awo da shi.

Kalmar talaka ita kanta harshe biyu gare ta. Akwai talaka wanda ba shi da abin hannu. Akwai kuma talaka wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da kuwa yana da tirela goma. A gaban Lamiɗo, attajiri ma talaka ne, zai tuɓe takalmi ya durƙusa kamar kowa. Fulatanci ya ari kalmar da fuskokinta biyun, ana cewa talakaajo. Saboda haka idan dillalin nan ya kira kansa talaka, abin da yake nufi shi ne ba shi da iko, a kansa ake yanke hukunci. Shi kuma mai baro, da ya ce rufin asiri, yana nufin bai yi roƙo ba, gidansa an ɗora tukunya jiya.

Wannan rufin asiri shi ne tsakiyarmu. Sama da shi akwai mai hali da attajiri, ƙasa da shi akwai matalauci da faƙiri. Kuma kusan kowa can tsakiyar yake son a ajiye shi. Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. Wasu masu bincike biyu, Evans da Kelley, sun fitar da nazari a 2004 kan ƙasashe 21, inda aka nuna wa mutane tsani mai matakai goma aka ce kowa ya nuna nasa. A ƙasashe masu arziki da marasa shi, tsakiyar tsanin nan ce ta cika. Dalilin ba boyayye ba ne: mutum da waɗanda yake gani kullum yake auna kansa. A unguwarku akwai wanda ya fi ka, akwai wanda ka fi, shi ke nan ka zama na tsakiya. Ba ka auna kanka da mai gidan bene a Duwala, don ba ka taɓa shiga falonsa ba.

Hukuma kuwa da nata mudun. Ofishin ƙididdiga na Kamaru, a binciken gidaje da ya yi a 2021 da 2022, ya ja layin talauci a kan sefa 813 a rana ga mutum guda. Da wannan awo, a ƙasar baki ɗaya kusan mutum 38 cikin 100 ne ke ƙasan layi, amma a jihar Arewa, wadda Garwa ce hedikwatarta, mutum shida ne cikin goma. A Arewa Mai Nisa, wajen Marwa, abin ya kusa bakwai cikin goma. Ka ga ke nan da yawan masu cewa rufin asiri, a takardar gwamnati matalauta ne. Bankin Raya Afirka ma a 2011 ya ce kashi ɗaya cikin uku na 'yan Afirka matsakaita ne, sai dai ya fara lissafinsa daga mai kashe dala biyu a rana, kuma shi da kansa ya yarda cewa mafi yawansu a bakin rami suke, ciwo ɗaya ko fari ɗaya ya isa ya mayar da su ƙasa.

Makiyayi da lissafin da ba a faɗa

A nan ne maganar ta shafi 'yan'uwanmu na daji. Shi wannan awo na hukuma, abin da gida ke ci da kashewa yake dubawa, ba ya ƙirga kofato. Sai ka tarar da mutum mai shanu 80, yana kwana a bukka, abincinsa nono da tuwon masara, takalminsa na roba. A takarda yana iya faɗawa cikin matalauta. A shari'a kuwa, tun shanunsa na 30 zakka ta hau kansa, zai fitar da maraƙi, wato yana cikin masu bayarwa. Shi kuma da bakinsa, idan ka tambaye shi shanu nawa gare shi, sai ya kau da kai ya ce, "'Yan kaɗan ne, na yara ne."

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin rowa ko wayo. Akwai kunya irin ta pulaaku, wadda ta hana mutum yabon abin hannunsa. Akwai tsohon tsoron jangali, tun zamanin da ƙirga saniya ke nufin biyan kuɗi a kanta. Yanzu kuma ga abin da ya fi su duka muni, masu satar mutane. A Mayo Rai da Tuboro da dazuzzukan Adamawa ta Kamaru, shekara da shekaru ke nan ana ɗauke ɗan makiyayi ko mahaifinsa, a ce a kawo miliyoyi, a kai garke Adumri ko Ngong a karyar. Kowa ya san ɓarayin nan ba duba suke yi ba, akwai mai ba su labarin wanda ya sayar da shanu da abin da ya karɓa. A irin wannan ƙasa, a san ka da arziki hatsari ne. Wanda ya ce shi talaka ne, wani lokaci ransa yake karewa.

Sannan ba duk mai sanda a bayan garke ne mai garken ba. Da yawan samarin da kuke gani suna kora shanu ɗari zuwa mashaya, kiwon haya suke yi wa alhazan gari da manyan ma'aikata, ladansu maraƙi ɗaya bayan wasu watanni ko ɗan abin da aka yanka musu. Manomin da aka yi wa ɓarna yana kallon yaron nan a matsayin mai dukiya. Yaron kuwa ko akuya ba shi da ita.

Ɗan kasuwar iyaka nasa lissafin a kan ruwa yake. Jarinsa rabi naira, rabi sefa, wani kason kuma bashi ne na maigidansa a Kano ko Anaca. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, naira kuwa tana hawa da sauka. Dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Matasa kuma sun ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sun ga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, masu sana'ar zuwa-zuwa suka wayi gari ribar jarka ta tsuke. Mutumin da a bara ake kira Alhaji ana miƙe masa, bana yana iya zama a bencin tasha yana jiran a aike shi. Amma rigar ba ta canza ba, sunan ma bai canza ba, shi ma a zuciyarsa bai yarda ya sauko ba.

Bayan dukiya akwai asali, kuma a ƙasar nan asali bai mutu ba. Wani Bature mai nazarin al'umma, M. G. Smith, da ya zauna a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 cewa Bahaushe da sana'a yake jera mutane: masu sarauta a sama, malamai da fatake a tsakiya, mahauta da maroƙa a ƙasa, kuma sana'ar gado ta fi wadda aka shiga da rana tsaka daraja. Har gobe mahauci na iya fin malamin unguwa kuɗi nesa ba kusa ba, amma ranar neman aure sai a tuna masa. A lamidodin Fulani akwai tsohon rabo tsakanin rimɓe, wato 'ya'ya, da waɗanda kakanninsu bayi ne, ga kuma sunan kirdi da aka liƙa wa ƙabilun da ba Musulmi ba, sunan da wasu ke jin zafinsa, wasu kuma suka ɗauke shi suka mai da shi tuta. Sunayen unguwannin Garwa kansu suna ba da labari: Fulɓere, Hawsare, Kolere. A zamanin Ahijo mutane da yawa daga Fali da Gidar da sauransu sun musulunta, sun koma Fulatanci, 'ya'yansu suka tashi suna kiran kansu Fulɓe, domin ta nan ƙofar aiki da daraja ta fi buɗuwa. Su kuwa Mbororo, ga shanu ga asalin Fulani, amma Bafulatanin gari yana musu kallon mutanen daji, su ma suna kiransa huya. Wannan raini na cikin abin da ya sa suka kafa ƙungiyarsu ta MBOSCUDA a 1992.

Sai mudu na ƙarshe, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba: in an kama maka kaya a duwan, ko an tsare maka shanu, wa za ka buga wa waya ya ɗauka? A ganinmu wannan ne ya fi sauran nauyi idan aka zo batun siyasa.

Ba hagu, ba dama

Turawa idan suna tambayar ra'ayin mutum sai su ce, kai na hagu ne ko na dama? Asalin maganar daga majalisar Faransa ne a 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban zama, masu neman sauyi suka zauna a hagu. Daga nan aka saba cewa mai dukiya dama yake yi, ma'aikaci da matalauci hagu. Ka kawo wannan tambaya tashar Gidar, za a ɗauka hanya kake nema. Mu a nan ana cewa ne, "Kana tare da wa?"

A tsallaken iyaka an taɓa yin siyasar da ta tsaya a kan matsayi ƙarara. NEPU, da aka kafa a Kano a watan Agustan 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta ce faɗan tsakanin talakawa ne da masu sarauta. Ku lura, talakawan NEPU ba matalauta kaɗai ba ne, akwai 'yan kasuwa da malamai da teloli. Ma'anar nan ta biyu aka ɗauka, wato marasa iko.

A arewacin Kamaru ba a sami jam'iyyar da ta yi irin wannan ƙarfi a kan wannan layi ba. Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa a 1924, ɗan boko ne ma'aikacin gidan waya, kuma da farko sarakuna ba su sake da shi da abokansa ba. Amma a 1958, shekarar da ya zama firaminista, sai ya haɗa 'yan boko da sarakuna a jam'iyya ɗaya da aka kafa a nan Garwa. Daga 1966 ƙasar ta koma jam'iyya ɗaya tilo, aka yi ta haka har Disamban 1990. Shekara 24 ke nan ra'ayin siyasar mutum kati ne a aljihu, wanda ake nunawa don a zauna lafiya. Wannan tarbiyya ba ta fita daga jiki da wuri.

Ahijo ya sauka a Nuwamban 1982, Paul Biya ya hau. A 1983 aka raba Arewa gida uku. Ran 6 ga Afrilun 1984 aka yi yunƙurin juyin mulki, bai ci ba, kamen da ya biyo baya kuma 'yan arewa ya fi faɗawa a kai. Ahijo ya rasu a Dakar a 1989, can aka binne shi, kuma maganar dawo da gawarsa ba ta taɓa mutuwa a Garwa ba. Da aka buɗe siyasa, wannan ciwo ne ya fara magana. A zaɓen majalisa na Maris 1992, UNDP ta Bello Buba Maigari ta ci kujera 68 cikin 180, ta mamaye Garwa da Ngaundere. RDPC mai mulki ta sami 88, ba ta kai rinjaye ba. Wa ya cike mata? MDR ta Dakole Daisala, ɗan Tupuri, da kujerunta shida daga Arewa Mai Nisa. Shi ma Dakole ya yi zaman kurkuku bayan 1984, amma mutanensa ba su manta da zamanin da ake kiransu kirdi ba, suna tsoron komawa ƙarƙashin Fulani. To ka duba: manomin auduga Batupuri da manomin auduga Bafulatani, Sodecoton ɗaya suke kai wa kaya, bashin taki ɗaya ke kansu, amma ranar zaɓe kowa ya bi asalinsa.

A ƙarshen 1997 Bello Buba ya shiga gwamnati. Isa Ciroma Bakari, shi ma ɗan Garwa, wanda ya yi shekara shida a tsare bayan 1984, ya kafa FSNC a 2007, ya zama ministan watsa labarai daga 2009 zuwa 2019, bakin gwamnati ke nan. (Abin dariya, sunayen jagororin biyu duk na sarauta ne, Maigari da Ciroma.) Daga nan mutumin Garwa ya shiga wani hali: jam'iyyarsa ta adawa ce a suna, shugabanta kuwa minista ne. In ka tambaye shi ko shi ɗan adawa ne, sai ya ce, "Ni dai na Bello ne," ko "Ni na Ciroma ne." A zaɓen 2018 dukansu biyu Biya suka mara wa baya. A 2025 kuma dukansu suka bar gwamnati suka tsaya takara. Bayan zaɓen 12 ga Oktoba, Ciroma ya ce shi ya ci. Majalisar tsarin mulki ta ba Biya kashi 53.66, Ciroma 35.19, Bello Buba bai kai kashi uku ba. An yi zanga-zanga a Garwa da Duwala da wasu garuruwa, an rasa rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Abin tambaya a nan shi ne, su wa suka fito fili, su wa suka yi shiru? Duk wanda ya ga taron Garwa ya ga matasa ne suka fi yawa: 'yan acaɓa, masu sayar da mai a kwalba, da waɗanda suka gama jami'ar Ngaundere ko Marwa suna zaune. Wannan kashi na ƙarshe abin lura ne. Takardarsa ta ce masa shi na sama ne, aljihunsa ya ce masa yana ƙasa da mai shayi. Babu abin da ke hura fushi kamar wannan tazara. Kuma ba shi da garke ko shago da za a taɓa.

Mai garke kuwa dukiyarsa a fili take, tana tafiya da ƙafa huɗu a ƙasar da ba tasa ba. Dokar filaye ta 1974 ta mai da duk ƙasar da ba ta da takarda ƙarƙashin kulawar gwamnati, kuma gini da gona ne ke nuna an raya wuri, kiwo ba ya barin irin wannan shaida. Fiye da kashi 40 na jihar Arewa gandun daji ne, Binuwai da Faro da Buba Njida, da wuraren farauta da ke kewaye da su. Sauran kuma manoma da suka gangaro daga Arewa Mai Nisa tun shekarun 1970 suna ta sharewa. Saboda haka makiyayi da yardar Lamiɗo da lawani da jauro yake sauka. In rikici ya tashi tsakaninsa da manomi, dokar 1978 ta ce kwamiti ne zai duba, kuma sufurefe ne shugabansa. Su kuwa sarakuna, dokar 1977 ta mai da su mataimakan hukuma, daga 2013 ma ana ba su alawus duk wata: sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Marigayi Lamiɗon Garwa Alim Hayatu yana kan gadon sarauta yana kuma riƙe da muƙami a ma'aikatar lafiya har rasuwarsa a 2021. Lamiɗon Rai Buba, Abubakari Abdullahi, ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa na ɗaya lokacin da aka kafa ta a 2013. To arɗon da ke neman mashekari a ƙasar Rai, wace atamfa kake jin zai sa ranar taro?

Haka babban ɗan kasuwa. Motarsa za ta bi ta duwan, ta bi ta jandarma, ga mutanen haraji. Zai ba da gudummawa ga jam'iyya mai mulki da rana, wani ma ya aika wa ɗaya ɓangaren da dare. Masu kallo daga nesa sai su ce mai kuɗi ɗan gwamnati ne, matalauci ɗan adawa, kamar dai dama da hagun Turawa. Kamar haka ne a ido, amma abin da ke ƙasa dabam ne. Yawan abin da za a iya ƙwace maka shi ke auna yawan shirunka. Shi ya sa atamfar da mutum ya ɗinka ba ta isa shaida a kan abin da ya jefa a akwati ba, kuma shi ya sa masu zuwa da takardar tambayoyi ke komawa da amsar da ba ta cika ba, don da yawan mutane suna zaton gwamnati ce ta aiko su.

A tsarin zaɓen Kamaru kowane ɗan takara da takardarsa. Za ka ɗauki duka, ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, sauran ka zuba a buhun da aka ajiye a wurin. Wanda ya ce ka fito masa da ragowar takardun don ya ga wadda babu, sirrin ƙuri'arka yake son ya karya, kuma doka ba ta ba shi wannan dama ba, ko wane ne shi.

Amma kafin labule akwai ƙofa. Ba ka jefa ƙuri'a sai ka kai shekara 20 kuma ka yi rajista a ELECAM. Rajista na son katin ɗan ƙasa, katin kuma na son takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a mashekari tsakanin Faro da Toungo, wa ya rubuta haihuwarsa? Mutane da yawa a ruga suna da ra'ayi, suna sauraron labarai fiye da 'yan birni, sun san sunan kowane minista, amma babu inda ake ƙirga ra'ayin nasu. Ɗan siyasa kuma ya san haka, shi ya sa alƙawarin burtali da mashaya ke zuwa a ƙarshen jawabi, in ma ya zo. Ga 'yan iyaka akwai ƙarin ƙulli: dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, alhali gida ɗaya ne, wa yana Belel, ƙane yana Demsa.

A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, a kan wannan za mu tsaya: yadda babba da ba a rubuta haihuwarsa ba zai bi ta kotu ya sami takarda, da shaidun da ake nema, da ofishin da ake farawa da shi. Masu tambaya su aiko kafin ranar, da Hausa ko da Fulatanci.